Hoton takarda da hoton waya: yadda manya da matasa suka bambanta wajen ba su daraja

Bambancin tsara wajen darajar hoto shi ne yadda mutanen da suka tashi a zamanin kyamarar fim suke ɗaukar hoton da aka wanke a takarda abin ajiya, abin da ake sakawa a albam ko a firam a adana shi kamar wata kadara, alhali waɗanda suka buɗe ido suka tarar da waya mai kyamara su hoton da ke cikin galari ya ishe su, wani ma tunda yake bai taɓa kai hotonsa an wanke ba in ba na fasfo ba. Abin ya fara fitowa fili ne daga wajen shekarar 2000 zuwa 2010, lokacin da kyamara ta shige cikin waya. A sama sama kamar maganar sabo ce kawai, amma in aka duba da kyau saɓanin yana kan amfanin hoton ne shi kansa: a wajen manya hoto shaida ne da ake ajiyewa don gaba, a wajen matasa kuwa yawanci magana ce da ake turawa wani yanzu yanzu.

Asalin abin

Hoto mafi daɗewa da ya rage a duniya wanda aka ɗauka da kyamara na wani Bafaranshe ne, Nicéphore Niépce, ya ɗauke shi ta tagar gidansa a 1826 ko 1827, kuma sai da farantin ya sha haske na awanni da yawa kafin hoton ya kama. A 1839 aka bayyana dabarar Louis Daguerre a Faransa, hoto ɗaya tak a kan farantin ƙarfe, ba shi da kwafi. A Ingila kuma Henry Fox Talbot ya fito da hanyar nagatif, wadda daga nagatif ɗaya za a iya wanke hotuna da yawa, ita ce aka ci gaba da tafiya a kanta sama da shekara 100.

Hoto ya shigo hannun mutane na gida ne a 1888 da George Eastman ya fitar da kyamarar Kodak a Amurka, tana zuwa da fim na hoto 100, in ka cinye sai ka mayar da kyamarar gaba ɗayanta kamfanin su wanke su sake zuba maka fim. Daga baya fim mai milimita 35 ya zama ruwan dare, nadi ɗaya hoto 24 ko 36 ne.

Toh wannan adadin, 24 ko 36, shi ne kusan tushen komai a wannan magana. Mutumin da ya san harbi 36 kawai gare shi ba ya danna kyamara a banza. Sai an taru, an gyara tsayuwa, an jira wanda ya shiga ciki ya fito, sannan a ɗauka, kuma ba wanda zai ga yadda ya yi sai bayan kwanaki in an wanko, in wani ya rufe ido shi ke nan haka zai zauna har abada. Kuɗin fim daban, kuɗin wanki daban. Shi ya sa dattijo zai iya kasancewa hoton yarintarsa guda biyu ne ko uku a duniya, na mahaifiyarsa kuma ƙila ɗaya, kuma ya san ranar da aka ɗauka da wanda ya ɗauka da dalilin taron. Abin da ya yi ƙaranci haka dole ya yi tsada a zuciya.

Shigowar dijital

Wani injiniyan Kodak ne, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko mai zaman kanta a 1975, nauyinta ya kai kilo uku da rabi, hoton baƙi da fari ne kuma tana cin daƙiƙa 23 kafin ta naɗe shi a kaset. A 1997 Philippe Kahn ya haɗa kyamara da waya da kwamfuta ya tura hoton 'yarsa da aka haifa ranar ga mutane wajen 2,000. Wayoyi masu kyamara sun fara shiga kasuwa a Japan a 1999 da 2000, iPhone ta zo a 2007, Instagram a 2010, Snapchat a 2011. Kodak ɗin da ta fara abin ta shigar da takardar karyewar arziki a Janairun 2012. Wanda aka haifa bayan 2000 cikin wannan ya tashi, bai san zaman jiran hoto ba.

Abin da manya suke gani a takarda

In ka tambayi mai shekaru me ya sa ya fi son na takarda, amsar da aka fi ji ita ce wannan nawa ne, ina riƙe shi a hannuna. Ba ya buƙatar caji, ba ya buƙatar data, ba fasawad, ba wanda zai ce sai ka sabunta manhaja kafin ka ga fuskar mahaifinka. Kuma hoton takarda yana da baya. Wannan abu ne da ake rainawa amma babba ne, don a bayan nan ake rubuta suna da shekara, wani lokacin da hannun mutumin da yanzu ba ya duniya, ga tambarin situdiyon da aka ɗauka, ga lanƙwasar da ya yi saboda ya daɗe a aljihu ko cikin littafi. Duk wannan tarihi ne da ya manne a jikin takardar, kwafin da ke waya ba ya ɗauke da shi.

Sai kuma yadda ake kallo. Albam ana buɗe shi ne a tsakiyar mutane, yana wucewa daga hannu zuwa hannu, yaro ya nuna ya ce wannan waye, babba ya ba da labari, daga hoto ɗaya a yi hirar rabin awa. Da yawan abin da jikoki suka sani game da kakannin da ba su riska ba ta wannan hanyar suka sani. Hoton da aka rataye a bango ma haka, kullum ido yana kansa ko ba a yi niyya ba, na waya kuwa sai ka tuna da shi ka je ka nemo shi cikin dubbai.

Akwai binciken da ya taɓa wannan. Ozgun Atasoy da Carey Morewedge sun buga wani aiki a 2018 inda a ɗaya daga gwaje-gwajensu aka ɗauki masu yawon buɗe ido hoto a birnin Boston, wasu aka ba su na takarda nan take wasu aka tura musu na dijital, aka ce kowa ya ba da abin da ya ga dama. Waɗanda suka karɓi na takarda sun fi bayarwa. Bayanin masu binciken shi ne abin da mutum yake taɓawa ya fi jin cewa mallakinsa ne. Ka ga ke nan jin nan bai tsaya kan tsofaffi kaɗai ba, yana jikin ɗan Adam, sai dai su manya sun fi kowa sabawa da shi.

Abin da matasa suke gani a waya

Kuskure ne a ce matasa ba su damu da hoto ba, a tarihi ba a taɓa yin tsarar da take ɗaukar hoto kamar su ba. Aikin da suke ba shi ne ya canza. Yarinya ta ɗauki hoton inda take ta tura wa ƙawarta, ma'anarsa ga ni nan na iso, bayan minti biyar hoton ya gama aikinsa. Snapchat an gina shi ne a kan hoton da zai ɓace, Instagram ta kawo irin wannan a 2016, WhatsApp ta kawo sitatus mai gogewa bayan awa 24 a 2017. Wanda ya tashi da albam wannan abin ba ya shigar masa kai, ya za a ɗauki hoto don ya ɓace? Su kuma a wajensu ba kowace magana ake rubutawa a ajiye ba.

Kuma suna da hujjoji masu ƙarfi. Hoton waya yana tare da kai duk inda kake, ɗan'uwa da ke wata ƙasa yana ganin jariri ranar da aka haife shi, kwafi goma ko dubu duk ɗaya ne da na asali, wayar da kanta tana rubuta rana da lokaci har da wurin da aka ɗauka, yanzu ma tana gane fuska ta tara maka hotunan mutum ɗaya wuri guda. Ga iko a kan kamannin kai: ka ɗauka sau ashirin ka zaɓi ɗaya ka gyara haske ka goge sauran. Kalmar selfi ta yaɗu har ƙamus ɗin Oxford ya zaɓe ta kalmar shekara a 2013.

Wanne ya fi daɗewa

Nan ne gardamar ta fi zafi kuma nan ne kowane ɓangare yake da abin da bai lura da shi ba. Takarda tana lalacewa. Hoton kala yana koɗewa, ya koma ja-ja ko rawaya-rawaya, musamman in rana tana dukansa, laima tana sa shi ya yi fumfuna ko ya manne da ɗan'uwansa, albam ɗin nan mai gam da leda a sama yana ɓata hoto a hankali, gobara ko ambaliya kuwa dare ɗaya ta gama da komai, in ba nagatif shi ke nan. Baƙi da fari da aka wanke da kyau ya fi na kala juriya, akwai na ƙarni na 19 da har yau fes suke.

Amma hoton takarda yana da wani hali guda, in aka manta da shi a akwati shekara 50 za a iya buɗewa a same shi. Na dijital ba ya jure mantuwa. Waya ta faɗa ruwa, an sace ta, memori ya ƙi buɗewa, an canza waya ba a kwashe ba, an manta fasawad ɗin imel ɗin da aka ajiye kwafi a kai. Wanda aka tura ta WhatsApp ma yawanci an matse shi ingancinsa ya ragu. Ajiyar intanet kuma a hannun kamfani take, kamfani kuwa yana canza doka: a 2019 Flickr, shafin ajiyar hotuna, ta taƙaita masu asusun kyauta ga hoto 1,000, a shekarar ne Myspace, wani shafin sada zumunta, ta sanar da cewa ta yi asarar fayilolin da mutane suka ɗora tsawon shekaru wajen sauya rumbun ajiya, Google Photos kuma ta daina ba da ajiya kyauta mara iyaka daga 1 ga Yunin 2021. A 2015 Vint Cerf, ɗaya daga waɗanda suka assasa intanet, ya yi gargaɗin cewa zamaninmu zai iya zama duhu ga na baya in fayiloli suka daina buɗuwa, ya kuma ba da shawarar mutum ya wanke hotunan da ya damu da su. Gaskiya ni wannan ne ya fi damuna a duk batun, yaron da aka ɗauka hoto dubu biyar kafin ya shiga makaranta zai iya girma bai da ko ɗaya, alhali kakansa mai hoto uku nasa suna nan.

Yawan ma kansa matsala ne. Linda Henkel ta Jami'ar Fairfield ta buga wani bincike a 2014, ta zaga da ɗalibai gidan kayan tarihi, wasu abubuwan su ɗauki hoto wasu su kalla kawai, washegari an ga sun fi manta waɗanda suka ɗauka, sai dai inda suka zuƙo wani sashe na abin da kyamara, nan tunawarsu ba ta ragu ba. Wato in mutum ya danna ya wuce kamar ya bar wa wayar aikin tunawa ne, ita kuma ba lallai ya sake buɗe ta a kan hoton ba.

Gado

In mutum ya rasu albam ɗinsa iyali suna ɗauka kawai. Waya mai kulle ba haka ba, akwai iyalai da yawa da hotunan mamacinsu suke cikin wayar da ba wanda ya san lambarta. Kamfanoni sun kawo mafita, Google a 2013, Facebook a 2015, Apple a 2021, inda mutum zai naɗa wanda zai kula da asusunsa ko ya karɓi bayanansa bayan ransa, amma sai mai asusun ya saita tun yana raye. Na takarda ma yana da tasa asarar, akwati cike da fuskoki ba suna a baya, wadda ta san su kuma ta riga mu gidan gaskiya.

Inda layin ya cakuɗe

Rabon ba a shekaru yake tsaf ba. Kakanni da yawa yanzu ta waya suke ganin jikokinsu kuma ba sa wasa da hotunan nan, matasa ne kuma suke ɗaukar tsofaffin hotunan gida da waya ko su yi musu sikanin su raba wa dangi. Ta ɗaya gefen kuma takarda ta dawo a hannun yara. Polaroid ta daina yin fim ɗinta na nan-take a 2008, amma Instax, kyamarar nan-take ta Fujifilm da ta fito a 1998, ta samu kasuwa sosai a wajen matasa, suna manna ɗan hoton a bango ko su saka shi a bayan kwandon waya, kuma abin da yake jan su shi ne guda ɗaya ne ba shi da na biyu, ba a gyara shi, wato dai abin da iyayensu suke faɗa tun farko.

Bayan girgizar ƙasa da igiyar tsunami ta 11 ga Maris 2011 a Japan, masu aikin ceto sun riƙa tsinto albam da hotuna daga cikin laka suna tarawa a ɗakunan taro da filayen wasa na makarantu, 'yan sa kai suka wanke su da ruwa ɗaya bayan ɗaya suka shanya, Fujifilm ta koyar da yadda ake wankin ba tare da hoton ya goge ba. A garin Yamamoto da ke lardin Miyagi hotunan da aka tattara sun kai dubu ɗaruruwa, aka ɗauke su da kyamarar dijital aka zuba a kwamfuta don mutanen da suka rasa gidajensu su zo su duba, wanda ya gane nasa a ba shi takardar ya tafi da ita.