Tasi mai tashi sama da ƙarfen sabis mai kallon ƙasa

Duk wanda ya taɓa maƙalewa a titin Ahmadu Bello na nan Kaduna da yamma, Keke gaba Keke baya, ya san akwai lokacin da mutum zai ce ina ma motar nan ta yi fiffike. To masu kuɗi sun daɗe da wannan tunanin. Uber ne ya tada ƙurar a 2016 da shirinsa na tasi mai tashi sama mai suna Elevate, a 2020 ya sallama wa kamfanin Joby, sai ga China a 2023 ta ba jirgin EHang mai cin mutum biyu takardar amincewa, kuma babu direba a ciki. Jirgin da ba direba wa ke riƙe da linzaminsa? Sabis. Nan fa ake yin ta.

Tun da GSM ya shigo Najeriya a 2001, duk ƙarfen sabis ɗin da aka kafa don mu na ƙasa aka kafa shi. In ka ɗaga kai ka duba waɗannan fararen allunan da ke saman ƙarfen za ka ga sun ɗan sunkuyo, da gangan ne, don sabis ya sauka kan titi da gidaje. Shi kuwa jirgi in ya yi sama sai dai ya tsinci ɓurɓushin da ya tsere ta gefe, ga shi babu gini babu bishiya da ke tare shi, sai ya riƙa hango ƙarafa rututu lokaci guda kowanne na jan sa, yana saki wannan yana kama wancan, shi ma yana dagula wa wayoyin ƙasa lissafi. Kai in kira ya yanke sai ka ja tsaki ka sake kira, amma wanda ke sama da fasinja fa?

Ƙungiyar 3GPP mai tsara ƙa'idojin sadarwar waya ta fara sa jirage marasa matuƙa a lissafi wajen 2018, tun zamanin 4G. Da 5G ya zo aka ce magana ta ƙare tunda ba ya jinkiri kuma ana iya yanka wa jirage nasu layin daban, ashe da sauran rina a kaba. A Janairun 2022 a Amurka sai da wasu kamfanonin jirage irin su Emirates suka soke tashi, don tsoron kar 5G ya rikita na'urar da ke auna tazarar jirgi da ƙasa, tunda zangon siginar da su biyun ke amfani da shi ya yi kusa da juna.

Mu nan hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin 5G a Disambar 2021, MTN da Mafab suka ci, kowanne dala miliyan 273.6. A 2022 kuma kamfanin Zipline mai ƙananan jirage marasa matuƙa ya fara tashi daga Pambeguwa yana kai magani asibitocin karkara, jirgin ya zo ya saki kwali da 'yar lema ya juya abinsa. Amma kwali daban, ɗan Adam daban.

Kuma kar a manta ƙarshen 2021 da aka kashe sabis a wasu ƙananan hukumomin jihar nan saboda 'yan bindiga, wata biyu kusan, mutum sai ya shiga mota ya zo gari kafin ya kira ɗan'uwansa, balle jirgin da ya dogara da ƙarfen sabis kaɗai. Shi ya sa ni na fi sa ido kan haɗa ƙarfen sabis da tauraron ɗan'adam, wanda 3GPP ta fara sawa a tsarin 5G a 2022, kuma da shi ake ɗinka 6G ɗin da ake cewa sai wajen 2030.