Jibin Ubangiji a Falsafar Zamani

Jibin Ubangiji, wanda Katolika ke kira Yukaristiya, ibada ce ta Kiristoci inda ake cin gurasa a sha ruwan inabi don tunawa da cin abincin Yesu na ƙarshe da almajiransa. Akidar Cocin Katolika ita ce, idan firist ya tsarkake su, zatin gurasar da na ruwan inabin yakan juye ya zama jikin Almasihu da jininsa, amma launi da ɗanɗano da ƙamshi suna nan yadda suke. Majalisar Lateran ta Huɗu, babban taron shugabannin cocin, ta faɗi haka a 1215, Majalisar Trent ta jaddada shi a 1551. Tomas Akwinas, babban malamin tauhidin Katolika, ya yi bayaninsa da rabon da Aristotal ya yi tsakanin zati da siffofi: zati ya canza, Allah kuma ya riƙe siffofin ba tare da abin da suke jingine da shi ba.

Da sabuwar falsafa ta ƙarni na 17 ta yi watsi da Aristotal, sai wannan akida ta zama gwaji ga duk wanda ya zo da sabon bayani kan yadda abubuwa suke. Wanda abin ya fi matsa wa shi ne René Descartes (1596–1650), Bafaranshe kuma Katolika. A wurinsa abu mai jiki ba komai ba ne face tsawo da faɗi da zurfi, launi da ɗanɗano kuwa ji ne da ke tasowa a cikin mutum. To, idan babu siffofi masu tsayuwa da kansu, me ya saura bayan tsarkakewa? Wani malamin tauhidin Katolika, Antoine Arnauld, shi ne ya yi masa wannan tambaya a 1641. Descartes ya amsa cewa gaɓoɓinmu ba sa taɓa komai sai farfajiyar abu, kuma Allah yana barin farfajiyar gurasar yadda take, don haka ido da harshe ba sa jin bambanci.

Amsarsa ta biyu ta fi zurfi, ta kuma fi haɗari. A wasiƙar da ya rubuta wa Denis Mesland, wani malamin ɗarikar Jesuit, a 1645, ya ce jikin mutum yana sauyawa kullum ta hanyar abinci, duk da haka jiki ɗaya ne saboda rai ɗaya ke haɗe da shi. Ke nan gurasa takan zama jikin Almasihu idan ransa ya haɗu da ita. Dabarar tana da kyau ƙwarai, sai dai tana barin ƙwayoyin gurasar a wurinsu, kuma nan ne malaman coci suka ga ta kauce wa Trent. A 1663 hukumar cocin a Roma ta sa littattafansa cikin jerin waɗanda aka hana karantawa har sai an gyara su.

Masana falsafa na Jamus ma sun tsoma baki. Leibniz, mabiyin Cocin Lutheran na Furotesta, ya ɗauki batun a wasiƙunsa da Bartholomew Des Bosses, malamin ɗarikar Jesuit, tsakanin 1706 da 1716, inda ya kawo shawarar wani ɗauri da ke haɗa sassan abu su zama zati guda, wanda shi ne zai canza a lokacin tsarkakewa. Kant a 1793 ya ɗauki jibin a matsayin alamar 'yan'uwantaka da daidaito a cikin jama'a. Hegel ya fifita fahimtar Martin Luther, jagoran Furotesta, cewa Almasihu yana nan ne cikin bangaskiya da ci, har aka kai ƙararsa a Berlin a 1826 kan kalamansa game da akidar Katolika. Feuerbach a 1841 ya ce tsarkin yana cikin ci da shan ɗan Adam kansu.

A ƙarni na 20 tambayar ta koma kan ma'ana. Wasu malaman Katolika, musamman a Holan, suka ce abin da ke canzawa shi ne ma'anar gurasar da manufarta. Fafaroma Paul na Shida ya amsa a 1965 cewa ma'ana tana canzawa ne domin haƙiƙar abin ta riga ta canza. Jean-Luc Marion kuwa, masanin falsafa Bafaranshe, a littafinsa na 1982, ya bayyana jibin a matsayin kyauta wadda ba ta dogara da tunanin mai karɓa ko yardar taron masu ibada ba.