Idon na'ura da mutum-mutumi a masana'antar ƙunshe abinci

Idon na'ura haɗaka ce ta kyamara, fitila da manhajar kwamfuta, wadda ke ba mutum-mutumi damar gane abin da ke gabansa. A masana'antun abinci ana amfani da shi wajen tsince kaya daga kan bel mai tafiya a jera su cikin kwali, tire ko leda. Abinci ba ya zuwa da kama ɗaya: kusoshi dubu na iya zama girmansu ɗaya, amma cinyoyin kaza biyu ba sa taɓa yin daidai, biskit kuma kan fito daga tanda a warwatse, wani a karkace, wani a karye. Hannun ƙarfe marar ido ba zai san inda zai dosa ba.

Tarihi

Ido ya riga hannu shiga harkar abinci. Tun a wajajen shekarun 1930 ake da injinan da ke tantance wake ta hanyar launi a Amurka, sai dai waɗannan jefar da gurɓatacce kawai suke yi, ba sa ɗaukar komai. Mutum-mutumin masana'anta na farko, Unimate, wanda George Devol ya ƙirƙira, ya fara aiki a kamfanin motoci na General Motors a 1961. Ƙato ne mai nauyi, an yi shi don ɗaukar ƙarfe mai zafi, bai dace da kayan lallaɓawa ba. A 1969 Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiri na'urar CCD mai mayar da haske bayanan lantarki, wadda daga baya ta zama ƙashin bayan kyamarorin masana'antu.

Babban sauyi ya zo ne daga Suwizalan a farkon shekarun 1980. Reymond Clavel na makarantar fasaha ta EPFL da ke Lozan ya ƙera mutum-mutumin da ake kira Delta, kuma abin da ya tunzura aikin shi ne jera ƙananan cakulan cikin kwalaye, kaya marasa nauyi da ke buƙatar sauri. Dabararsa mai sauƙi ce amma da hikima: ya kafe ƙananan injinan lantarki uku a sama, ya bar siraran hannuwa uku suna reto a ƙasa, sun haɗu a kan faranti ɗaya. Da yake hannuwan ba sa ɗauke da nauyin injinan, suna gilmawa kamar walƙiya. Wanda ya gan shi a bakin aiki zai ce gizo-gizo ne aka rataye. Kamfanin Demaurex ya karɓi lasisin ƙera shi a 1987, sannan kamfanin ABB ya fito da nasa mai suna FlexPicker a ƙarshen shekarun 1990.

Yadda yake aiki

Kyamara na ɗaukar hoton kayan tun kafin su iso wurin hannun. Manhaja ta fitar da matsayin kowanne, da inda ya fuskanta, da ko siffarsa ta cika. Wata ƙaramar na'ura a jikin bel ɗin tana ƙirga nisan da ya yi, don haka hannun ba ya zuwa inda aka ga biskit ɗin, sai inda zai kasance a lokacin ɗauka. Karyayye kuwa ana ƙyale shi ya wuce ya faɗa kwandon da ke ƙarshen layi. Hannu ɗaya kan yi ɗauka fiye da 100 a minti, kuma akan jera da yawa su raba aikin. Sau da yawa nasarar aikin ta dogara ne da hasken fitila, domin leda mai ƙyalli ko nama mai danshi na ruɗa kyamara.

Abin kamawa ya danganta da kayan: kofin roba mai zuƙar iska ga masu santsi, yatsun roba masu kumbura da iska ga burodi da 'ya'yan itace.

Tsafta

Inda abinci ke buɗe, ana yin jikin injin da ƙarfen da ba ya tsatsa, ba lungun da ƙwayoyin cuta za su maƙale, kuma ya jure wanki da ruwan zafi mai ƙarfi. Man shafawarsa ma na musamman ne, wanda ba ya cutarwa idan ya ɗiga.

Muhawara

Ana saɓani kan tasirinsa ga ayyukan yi. Masu masana'antu na kafa hujja da ƙarancin ma'aikata da ciwon gaɓoɓi da maimaita motsi ɗaya ke jawowa, ƙungiyoyin ƙwadago kuma na nuni da guraben da ke rufewa.