Tsagewar harsashin gini a sabon gida

Tsagewar harsashin gini ita ce darewar da ke samun kankaren da ke ɗauke da gida, ko bulon da aka jera daga ramin tushe zuwa bakin daɓe, a shekarun farko bayan an gama aiki. Magina sun fi kiran wannan sashe fandisho. Da yake a binne yake, ba kasafai ake ganin tsagar a inda ta faro ba. Sai ta hauro bango ta ɓullo a kusurwar taga, ko tayil ya fashe a tsakar ɗaki, ko ƙofar da ke rufuwa lafiya ta fara cijewa. Wata tsagar ba ta wuce filasta ba, wata kuwa shaida ce cewa ƙasar da gidan ke kai tana motsi. Rarrabe waɗannan biyun shi ne aikin farko, kafin a sayi ko buhu ɗaya na siminti don gyara.

Tsagar bushewa

Kankare yana tsukewa idan ruwan cikinsa ya fita, shi ya sa da wuya a sami sabon gini da babu 'yar tsaga ko kaɗan. Injiniyoyi suna auna ƙarfin kankare ne bayan kwana 28, kuma a kwana 7 na farko yake samun kusan kashi biyu bisa uku na ƙarfin nan, muddin ana ba shi ruwa. Iskar hunturu da zafin bazara sukan tsotse danshin tun kafin simintin ya kama. Haka nan idan lebura ya cika wa kwaɓi ruwa don ya yi sauƙin zubawa, tsukewar takan yi yawa. Tsagar da wannan ke haifarwa siririya ce kamar silin gashi, faɗinta ɗaya daga sama har ƙasa, kuma takan tsaya da kanta.

Idan ƙasa ce ke motsi

Kowane sabon gini yana ɗan zama, domin nauyinsa na danne ƙasa. Idan ya zauna gaba ɗaya daidai, babu matsala. Ɓarnar tana zuwa ne idan wani ɓangare ya nutse ya bar wani, saboda bulo da kankare suna jure danniya amma ba sa jure ja.

Babban abin da ke jawo haka a birane shi ne gini a kan ciko. A Kano da sauran tsofaffin biranen ƙasar Hausa akwai kududdufai da aka haƙa tun da don ɗibar ƙasar gini, daga baya aka cike da yawansu da bola da ɓaraguzai aka yanka filaye. Bola tana ruɓewa a hankali, tana barin rami a ƙarƙashi, kuma takan yi shekaru tana lotsawa. Mai saye yakan ga fili shimfiɗe, ba zai san tarihinsa ba sai ya tambayi dattawan unguwa, tambayar da ba ta cin ko sisi amma mutane da yawa ba sa yin ta. Ko a fili mai kyau, cikon da ake zubawa cikin ɗakuna kafin daɓe yana buƙatar a zuba shi kaɗan-kaɗan, a jiƙa, a daddaɓe kowane hawa. Idan aka juye tifa guda aka baje kawai, daɓen ne zai biya.

Na biyu ita ce baƙar laka mai kumbura. Tana da yawa a yankin Tafkin Chadi, inda ake ce mata firki, a wurare irin su Dikwa da Ngala da Marte, da kuma wajen Numan da wasu sassan Gombe. A arewacin Kamaru karal ake kiranta. Da damina tana shan ruwa ta kumbura ta ɗaga gini, da rani ta bushe ta dare ta sauke shi. Gefen gida ya fi tsakiyarsa jiƙewa da bushewa, don haka motsin ba ya zuwa daidai. Alamar wannan ƙasa ita ce tsagar da ke buɗewa a wani lokaci na shekara ta rufe a wani.

Na uku ruwa ne, kuma shi ya fi sauƙin magani. Indararo ko bakin kwano da ke zuba a gindin bango, famfon da ke yoyo a ƙasa, sokawe da aka haƙa dab da ɗaki, kwatar maƙwabci da ta toshe, duk suna tausasa ƙasa ko su kwashe ta. Manyan itatuwa irin su darbejiya da turare kuwa akasin haka suke yi a ƙasar laka, saiwoyinsu na shanye danshin gefe ɗaya.

Sai kuma ha'inci a aiki: rami marar zurfi, rage siminti a kwaɓi, yashi mai laka, rodi sirara, bulon da ke marmashewa a hannu.

Yadda ake karanta tsaga

Hukumar binciken gine-gine ta Birtaniya, BRE, ta kasa tsagar bango gida 6 bisa faɗinta, kuma injiniyoyi a ƙasashe da dama suna aiki da wannan ma'auni. Abin da bai wuce milimita 5 ba galibi ɓata kyan gini kawai yake yi. Daga 5 zuwa 15 ƙofofi da tagogi sukan fara cijewa, ruwa na shiga. Daga 15 zuwa 25 sai an rushe wani sashe na bangon an sake. Abin da ya haura 25 yana iya taɓa tsayuwar ginin kansa.

Faɗi kaɗai bai isa ba, siffa ma tana magana. Tsagar da ta bi layin bulo tana hawa mataki-mataki, ko ta tashi a karkace daga kusurwar taga, ta motsin ƙasa ce. Idan ta fi faɗi a sama, yawanci kusurwar gidan ce ta nutse ko tsakiya ta ɗago. Idan ta fi faɗi a ƙasa, tsakiyar bangon ce ta lotsa. Wadda ta kwanta a jikin bulon harsashi tana nuna ciko ko jiƙaƙƙiyar ƙasa na tura bangon. Wadda ake gani ciki da waje a wuri ɗaya ta ratsa bulon ke nan.

Tambaya mafi muhimmanci ita ce ko tsagar tana ƙaruwa. Ana sa alama da fensir a ƙarshenta a rubuta kwanan wata, a ɗauki hoto da rula a kai, ko a manna siririn gilashi a gicciye, wanda zai fashe idan bangon ya motsa. A ƙasar laka ya kamata a bi ta har damina da rani su zagayo. Amma idan tana buɗewa cikin kwanaki, ko bango ya karkata, ko ginshiƙi ko rufin kankare (dakin) ya tsage, ba a jira: a fitar da iyali a kira injiniyan gini.

Gyara

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kira birkila ya shafe tsagar da siminti a yi fenti. Idan sanadin yana nan za ta dawo, kuma an goge shaidar da injiniya zai duba. Mafi muni shi ne mai yin haka don ya sayar da gidan ko ya zuba 'yan haya, domin rayukan mutane ya saka a ciki.

Ana fara gyara da ruwa: a toshe yoyo, a karkatar da indararo, a zuba daɓen kankare mai gangara kewaye da gidan. Sau da yawa wannan kaɗai yana tsayar da motsin. Tsagar da ta tsaya ana sassaƙe bakinta a cike, ko a ɗura mata gam na musamman mai suna ifoksi. Wadda ta ratsa bango ana ɗinke ta da gajerun rodi da ake binnewa a layin bulo. Idan harsashin ne bai kai ƙasa mai ƙarfi ba, sai a yi masa ƙari ta ƙarƙashi: a haƙa rami mai tsawon kamar mita 1, a zuba kankare, a tsallake na kusa da shi sai wannan ya kama. Haƙe gindin bango gaba ɗaya lokaci guda yana iya kayar da shi a kan ma'aikata, don haka aikin ba na magini shi kaɗai ba ne.

Alhaki

A kwangilar gini da aka rubuta akan ware wa'adi, galibi wata 6 zuwa 12 bayan miƙa makulli, wanda ɗan kwangila zai gyara duk aibin da ya fito da kuɗinsa, kuma mai gida yakan riƙe wani kaso na kuɗin aikin, sau da yawa 5 cikin 100, har wa'adin ya cika. Shi ya sa ake so a sanar da ɗan kwangila a rubuce da zarar an ga tsaga, tare da hotuna. Gidaje da yawa ana gina su ne da yarjejeniyar baka, a nan kuwa sai dai sulhu ko shaidu. A Najeriya hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke rajistar injiniyoyi, CORBON kuma ta ƙwararrun magina, kuma rahoton injiniya mai rajista shi ke da nauyi idan magana ta kai gaban hukumar tsara birane ko kotu.