Gatse Daban, Zagi Daban

Tun da 'yan gajerun katun ɗin nan masu kwaikwayon talla suka fara yawo a wayoyi, daga shagon mai caji a Gujungu har rumfar mai turin finafinai a Wudil, kalmar "gatse" ta shiga bakin kowa. Sojojin baka ma sun ɗauke ta. Mutum zai cika minti goma a rediyo yana cin mutuncin abokin hamayyar ubangidansa, in aka ja masa kunne ya ce ai gatse yake yi. Ina gatse a nan? Wannan zambo ne, shi ma na ƙasa-ƙasa, don makaɗan fada irin su Narambaɗa ba sa sakin zambo tsirara, sai sun sa masa riga.

Mai zambo yana da wanda ya nufa, ya siffanta shi har kowa ya gane. Mai habaici yana ɓoye suna, mai kaya ya tsinci kayansa. Shi kuwa gatse, abin da ka faɗa ne yake kishiyar abin da kake nufi. Uba ya tarar da ɗansa yana barci a gindin kuka, ciyawa ta shaƙe gero, ya ce, "Sannu da aiki, manomi." Babu kalmar zagi ko ɗaya, amma yaron zai gwammace bulala.

Katun ɗin nan a wannan layin suke. Ga misali, a 2000 wani Ba'amurke, Don Hertzfeldt, ya fitar da ɗan fim mai suna Rejected, bai kai minti 10 ba, zanen hannu ne a takarda, mutanen ciki duk 'yan sanduna. Ya shirya shi tamkar tallace-tallace ne da wata tashar talabijin da wani kamfanin kayan masarufi suka ba shi kwangila, suka gani suka ce ba sa so. Tashar da kamfanin duk ƙirƙira ne. A ɗaya daga ciki, wani na tsaye da cokalin da ya fi ƙarfin kwanonsa yana ta ƙorafi, sai ga ayaba ta shigo da ƙafafunta ta gabatar da kanta, sai sunan tashar ya fito. Shi ke nan tallar. Me ya haɗa cokali da ayaba da tashar ilimi? Babu. To me ya haɗa kyakkyawar mace da sinadarin ɗanɗano, ko ɗan ƙwallo da layin waya? Nan gizo ke saƙa. Fim ɗin bai ce talla ƙarya ce ba, ya yi tallar ne kawai har ta haukace, daga ƙarshe takardar da ake zanen a kanta ta yamutse ta haɗiye mutanen. Har takarar Oska, babbar kyautar finafinai ta Amurka, ya shiga, kuma mutumin ya daɗe yana ƙin karɓar aikin talla na gaske, abin da ni dai ya burge ni fiye da takarar.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da motar mai magani ranar kasuwar Maigatari, lasifika na cewa kwalba ɗaya tana maganin basir da sanyi da ciwon baya da rashin kasuwa, ya san wannan haukan ba sai an zana shi ba. Kuma ana saye. Shi ya sa nake ganin gatsen bai tsaya kan kamfani ba, har da mai miƙa kuɗin.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu gabatar da shiri da ke kiran duk tallar da ta ba da dariya gatse. In kamfani ya biya ɗan wasa ya yi ta faɗuwa da buhun shinkafa don ka tuna sunan shinkafar, barkwanci ne, kuma an riga an ɗora kuɗinsa a kan farashin buhun.