Wa ya ba su izinin harba roka, kuma in ƙarfe ya faɗo gonarka wa zai biya?

Kwanakin baya tsakanin magariba da isha'i muna zaune a dakalin ƙofar gidan kawuna a ƙauyenmu can gefen Ringim, sama ta yi tas ba hazo, sai yara suka fara ihu ku duba sama ku duba sama. Wasu fitilu ne a jere kamar an miƙe carbi, suna tafiya ba ƙara ba hayaƙi har suka ɓace ta gabas. Na ce musu taurarin ɗan'adam ne na Starlink masu ba da intanet, na kamfanin SpaceX na Amurka, in ba a daɗe da harba su ba haka suke jeruwa kafin kowanne ya kama wurinsa. Kawu ya ajiye butarsa ya ce min, "To kai da ka yi boko, wa ya ba su izinin bi ta kanmu? In ɗaya ya faɗo ya rushe min rumbu wa zan kama?" Na ce Kawu wallahi tambayar nan taka ita ce dai wadda ƙasashen duniya suka zauna a kanta tun 1967.

A shekarar ne aka sa hannu a yarjejeniyar sararin samaniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Najeriya ma tana ciki. Ta ce can sama ba mallakin kowace ƙasa ba ne, shi ya sa jirgin sama sai ya nemi izinin Najeriya kafin ya ratsa samanmu amma tauraron da ke tafiya a nisan kilomita 550 ba ya neman izinin kowa. To amma fa ba a sake su haka kawai ba. Sashe na 6 ya ce duk abin da ɗan ƙasa ko kamfani mai zaman kansa ya yi a can, ƙasarsa ce ke ɗauke da alhakin, kuma dole ita ta ba shi izini ta riƙa sa masa ido. Kamar dai baƙon ɗan kasuwa ne da fatomansa, in baƙo ya yi ɓarna ya gudu ba a bin sa daji, wanda ya sauke shi ake kamawa. Lasisin harba roka daga nan ya samo asali, tunda gwamnati ta san ita za a riƙe, dole ta bincike ka kafin ta tsaya maka.

Mu ɗauki Amurka tunda kamfanoninta sun fi na kowa harbawa. Dokarsu ta 1984 ce, zamanin Shugaba Reagan, kuma hukumar FAA mai kula da jiragen sama ita ke ba da lasisin, tana da kwana 180 ta ce eh ko a'a bayan ta karɓi cikakkun takardu. Ba cike fom ba ne a biya kuɗi a wuce. Kamfani zai nuna hanyar da rokar za ta bi, da inda tarkace zai zuba in ta fashe a kowane mataki na tafiyar, da mutum nawa ke zaune a ƙarƙashin hanyar, sannan a yi lissafi, haɗarin mutuwa ko mummunan rauni ga jama'a gaba ɗaya kada ya wuce 1 cikin 10,000 a harbi guda, ga mutum ɗaya kuma kada ya wuce 1 cikin 1,000,000. Akwai na'urar da ke tarwatsa roka a sama in ta saki hanya, ana duba wannan. Ana duba illa ga muhalli, ana sanar da jiragen sama da na ruwa su kauce. Kuma kamfanin Amurka ko a wata ƙasa zai harba sai da wannan lasisi, kamfanin Rocket Lab na Amurka a New Zealand yake harbawa amma yana riƙe da takardar FAA.

Sai batun inshora, wanda ni a ganina nan ne dokar ta fi yin hankali. Hukumar na ƙiyasta mafi girman ɓarnar da ake ganin za ta iya aukuwa, ta ce wa kamfani ya sayi inshora daidai da haka, iyakarta dala miliyan 500 ga ɓarnar da ta shafi mutanen gari. In asarar ta zarce, gwamnati na iya cikasa wani kaso da amincewar majalisa. Kun san yadda ake yi in shanu sun shiga gona, sai an yi ɓarnar sannan a kira mai unguwa a zagaya a ƙiyasta, wani lokacin a wayi gari makiyayin ya yi nisa. A nan tun kafin a kunna wuta an ajiye kuɗin biya.

Kuma suna hukuntawa. Da babbar rokar SpaceX mai suna Starship ta tashi karon farko a Texas ranar 20 ga Afrilu 2023 ta farfasa dandalin harbawa ta kuma tarwatse a sama, FAA ta lissafa gyare-gyare 63, ba a sake tashi ba sai Nuwamba. Wani kamfani Swarm kuma hukumar sadarwa ta FCC ta hana shi izini, ya je ya ɗora ƙananan taurari 4 a rokar Indiya a 2018, aka ci shi tarar dala 900,000.

Mu nan gida hukumar NASRDA ce mai kula da harkokin sararin samaniya, an kafa ta 1999, dokarta ta 2010 ta tanadi ba da lasisin ayyukan sararin samaniya. Lasisin da hukumar sadarwa ta NCC ta ba Starlink a 2022 daban ne, na sayar da intanet ne ba na harbawa ba. Taurarinmu duk a waje aka harba mana su, NigeriaSat-1 daga Rasha a 2003, NigComSat-1 daga Sin a 2007. Sai dai wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba, a doka wanda ya ba da aikin harbawa shi ma ƙasar harbawa ce, ba mai filin kaɗai ba, ke nan mu ma ana iya riƙe mu kan namu.

Yanzu mu dawo kan rumbun Kawu. Yarjejeniyar diyya ta 1972 ta ce in abu ya faɗo ya yi ɓarna a doron ƙasa, ƙasar da ta harba za ta biya ko da ba a kama ta da sakaci ba, ba ruwanka da kawo hujjar ganganci. An taɓa yi, tauraron Tarayyar Sobiyat Kosmos 954 mai ɗauke da makamashin nukiliya ya watse a arewacin Kanada a Janairun 1978, Kanada ta nemi kusan dalarta miliyan 6, aka sasanta a miliyan 3 a 1981. Kada wani ya ce ai wannan can ne, ranar 30 ga Disamba 2024 wani zoben ƙarfe mai nauyin kusan kilo 500 ya faɗo ƙauyen Mukuku a Kenya, manoma ne irinmu, Allah ya tsare bai faɗa kan kowa ba.

Abin da ke damuna da dokar shi ne talaka ba shi da bakin kai ƙara a ƙarƙashinta da kansa. Ƙasa ce ke nema wa ɗan ƙasarta, ta hanyar diflomasiyya, kuma cikin shekara 1 daga ranar ɓarnar ko ranar da aka gano mai kayan. To ka duba nisan da ke tsakanin gonar gero a Jigawa da ma'aikatar harkokin waje a Abuja, in maganar ta tsaya a majalisar mai shayi shi ke nan haƙƙi ya tafi. Don haka dan Allah in wani baƙon ƙarfe ya faɗo, kada a taɓa, wasu tankunan da ragowar mai mai guba suke zuwa, a kori yara daga wurin, a ɗauki hoto daga nesa da waya har da abin da ya lalace, a rubuta rana da lokaci, a sanar da mai unguwa da dagaci da 'yan sanda su kai gaba. Kuma kada a sayar wa 'yan gwangwan, domin a doka ƙarfen har yanzu na masu shi ne, kuma lambobin da ke jikinsa su ne za su nuna ƙasar da za a bi bashi.

Da na kai nan Kawu ya ɗan yi shiru, sannan ya ce gobe in raka shi wurin mai unguwa in maimaita masa batun 'yan gwangwan ɗin nan, don a garin nan ko garmar da aka manta a gona ba ta kwana.