Kanasta da kalmomin da ake bugunsa da su

Kanasta wasan karta ne daga dangin wasan da ake kira rummy. An ƙirƙiro shi a 1939 a Montebidiyo, babban birnin Urugwai, kuma ana danganta shi ga mutum biyu: Segundo Santos, lauya, da Alberto Serrato, mai zanen gine-gine. Daga can ya ratsa Ajantina ya shiga Amurka, inda ya yi tashe a farkon shekarun 1950. Sunan na Sifaniyanci ne, ma'anarsa kwando.

Ana haɗa fakitin karta biyu da joka huɗu, kati 108 ke nan. Mutum huɗu ke bugawa, biyu-biyu, abokan wasa suna fuskantar juna, a raba wa kowa 11. Wanda ya saba da balot mai kati 32 a fadojin Maradi zai ji hannunsa ya cika maƙil tun kafin a fara.

Kalma ta farko ita ce meld, wato shimfiɗa: mutum ya ajiye kati uku ko fiye masu lamba ɗaya a gabansa. Idan shimfiɗa ta kai bakwai, ta zama kanasta. Wadda babu gauraye a cikinta ita ce tsantsa, maki 500, ana tattara ta a ɗora jan kati a sama. Mai gauraye 300 take, baƙin kati ke samanta. Gaurayen kuwa shi ne katin cike gurbi, wato joka da duk mai lamba biyu, waɗanda ke tsayawa a madadin kowane kati. Joka maki 50 ne, biyu da as 20 kowanne. Ba a sa katin cike gurbi fiye da uku cikin shimfiɗa ɗaya.

Shimfiɗar farko tana da ƙa'ida. Ɓangaren da bai kai maki 1500 ba sai ya buɗe da katunan da suka kai maki 50, daga 1500 da 90, daga 3000 kuma da 120. Wato wanda ke gaba shi ake matsa wa.

Jan kati mai lamba uku ba a riƙe shi. Da an samu sai a ajiye a ja wani. Kowanne maki 100, huɗun duka 800, amma idan ɓangaren bai shimfiɗa komai ba, makin cire masa ake yi.

Rigimar wasan duk tana kan tarin jifa, katunan da ake yarwa a tsakiya. A kanasta ba a ɗaukar na sama kaɗai, sai dai a kwashe tarin gaba ɗaya, shi ya sa kowa ke zuba masa ido. Baƙin kati mai lamba uku shi ake kira katin tarewa: wanda ke biye da mai jefa shi ba zai taɓa tarin ba a wannan zagaye. Daskarewa ta fi wannan tsanani. Idan aka jefa joka ko biyu, akan sa shi a gicciye don kowa ya gani, tarin ya daskare. A ce tara ce a sama, Malam yana riƙe da tara ɗaya da joka. Da tarin a sake yake, kuma ɓangarensa ya riga ya buɗe, da ya kwashe. Yanzu kam sai yana da tara biyu na asali a hannu. Haka tarin zai yi ta kumbura, kowa yana jifa da taka-tsantsan, har wani ya yi sakaci.

Fita ita ce mutum ya ƙarar da katin hannunsa, kuma ba ta halatta sai ɓangarensa na da kanasta ko da ɗaya. Yana iya tambayar abokinsa, "In fita?" Amsar da aka ba shi, i ko a'a, dole ya bi ta. Fita maki 100 ce. Wanda ya ɓoye katinsa ya sauke su duka a lokaci guda, tare da kanasta tasa, ya samu 200. Abin da ya rage a hannun kowa ana cire shi daga makin ɓangarensa, kuma ana ci gaba da rabo har wani ɓangare ya kai 5000.